Igiyar Safe, Rijiyar Tsakar Rana

Kakata ta wajen uwa, Iya Dije, da yawan tuwon dare take auna tsawon tatsuniya. In an ci an ƙoshi, sai ta ba mu 'yar gajeruwa ta kore mu. In kuwa abin da ya shiga ciki anza ce, 'ya'yan itacen daji da aka kwana uku ana jiƙawa don ɗacinta ya fita, da ɗan ganyen tafasa, to ranar za mu sha labari har wutar kara ta cinye. A shekarar da nake magana, lokacin da Nasara ke yaƙinsu can ƙasarsu, tatsuniyoyinta duk dogaye ne. Fara ta sauka kan gero yana fitar da kai, ɗan abin da ta rage kuma aka zo aka kwashe wai na soja.

Garinmu yana kan tudun duwatsu tsakanin Buza da Keita. Ubana ya rasu tun ina goye. Mu bakwai ne a gidan, kuma dukanmu mutum ɗaya muka dogara gare shi, Kawu Sha'aibu, ɗan Iya na fari, wanda shi ne mushe, wato malamin lakwal, makarantar bokon garin. Aikin nan abu biyu yake yi mana. Yana kawo ɗan hatsin da muke lasawa, kuma yana hana a sa sunan Kawu cikin waɗanda ake kwasa zuwa aikin tilas na hanya. Kowa ya san yadda masu zuwa aikin nan suke dawowa, in sun dawo.

Ni ne na jawo masa masifar, kuma ni ne wanda ya fi kowa ƙoƙari a ajinsa. Wata rana da la'asar Nasara mai duba makarantu ya zo ya same mu a gonar lakwal. Ya tambayi wane ne gwanin lissafi, aka turo ni gaba ina ta hura hanci. Ya miƙo mini igiyar awo, ya ce in gaya masa girman gonar. Na san a ninka tsawo da faɗi, ko daga barci aka tashe ni zan rera shi. Amma na tsaya da igiya a hannu kamar an dasa ni. Da Kawu ya matsa mini, abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Mushe, lissahi da sahe mu ka yin shi, cikin aji. Nan kau gona ta."

Nasaran ya sa aka fassara masa. Bai yi dariya ba. Ya ce da Kawu ya tafi Madawa, inda ake tara malamai ana yi musu horo, bayan haka za a dawo a duba. In yaran suna nan yadda suke, to ya nemi wani aiki.

Kawu ya taka da ƙafa ya tafi, ya kwana goma, ya dawo da kaye guda, wato littafi, cike da rubutu da fuska a yamutse. An gaya musu lissafi ya shiga gona, Faransanci ya shiga kasuwa, tsabta ta shiga karatu, kada yaro ya riƙe kowane ilimi a ɗakinsa daban. Na ji yana gaya wa uwata a bakin madafa: "Sun ce mu haɗa, ba su gwada muna yadda a ka haɗawa ba. Kwana goma muna zamne cikin ɗaki, mutum guda shina magana." Ga yara sun fara gudu daga lakwal, yunwa ta tura su daji neman anza. Kawu ya daina cin rabonsa, yana cewa ya ci a waje. Duk mun san ƙarya yake yi.

A cikin kwanakin nan ne, wata rana bayan magariba, Iya ta tura kara cikin wuta ta ce yadda ta saba in za ta fara tatsuniya: "Ku matso, baƙuwa ta iso ƙohwa." Muka ce: "A buɗe mata." Kawu yana can jingine da rumbu, kayen a kan gwiwarsa, ba ya ko karantawa.

Ta ce wai an yi wani mai hali da yake da ɗa namiji da 'yar ƙaramar ɗiya. Yana son ɗan ya san komai, sai ya ba shi malamai uku. Da safe yana wajen mai tufkar igiya, da tsakar rana wajen mai haƙar rijiya, da marece wajen maɗori mai gyaran karaya. To malaman nan ba sa ga maciji da juna. Kowanne in yaron ya zo sai ya ce masa ya ajiye na wancan a bakin ƙofa, in kuwa ya kuskura ya ambaci igiya a wajen mai rijiya, ranar sai bayansa ya gaya masa. Shekara bakwai ana haka, har yaron ya fi kowane malami a sana'arsa.

Ran nan da sassafe ƙanwar ta faɗa tsohuwar rijiya da ta ƙafe, ƙafarta ta karye, tana ta kiran sunansa. Yaro ya dubi rana, ya ga safiya ce. Ya zauna ya kama tufka. Iya ta murza tafin hannunta a cinya tana nuna mana. "Igiya kau, ɗiyana, ba a taɓa ganin irinta ba. Gaba ashirin, ko raƙumi ta ɗauka." Da rana ta take, ya ajiye igiyar a bakin ƙofa yadda ya saba, ya tafi rijiya hannu sake. Ya leƙa, ya faɗi zurfinta daidai, ya faɗi irin dutsen da ke ciki da inda ƙasa za ta zabtare. Amma da me zai sauka? Da marece ya daka magani mai kyau, ya fere karan ɗori, ya zo ya zauna a bakin rijiyar yana jira a miƙo masa ƙafar. Lokacin yarinyar ta daina kira.

Iya ta ce: "Nan na aje ta, mai so shi ɗauka."

Ƙanwata Ramatu ta fashe da kuka. "Iya, ki hiddo ta! Ki ce ya koma ya ɗauko igiyar!"

"Ni ban jehwa ta ba, ɗiyata, ba ni iya hiddo ta."

Ni kuma, da bakina da ba ya zama wuri ɗaya, na ce ai yaron nan wawa ne. Iya ta juyo ta dube ni ta gefen ido. "A'a, maigidana, kai ka hwaɗin haka? Kai da anka ba igiya bakin gona?" Yara suka kwashe da dariya, na ji kamar in nutse. Sai ta sassauta murya. "Yaron ga ba wawa ba na. Abin da anka koya mai shi yay yi. Ku tambayi malaman nan ukku ko sun taɓa zama tabarma guda."

Ba ta dubi wajen rumbu ba ko sau ɗaya. Amma na ga Kawu ya rufe kayen ya shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan haka ya fitar da mu daga aji tun da safe, ya kai mu rijiyar gari. Muka auna igiyar guga da gaba yadda iyayenmu ke yi, muka mayar da ita mita. Muka tace ruwa da ƙyalle, muka ga abin da ya rage a kai, ya gaya mana ciwon da yake kawowa, muka rubuta da Faransanci a kan allo. Ya kira wani tsoho ya ba mu labarin waɗanda suka haƙa rijiyar, washegari kowa ya maimaita da bakinsa. Muka lissafa guga nawa fangalin albasar lakwal ke sha. Yaran da suka gudu suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, da yunwarsu. Ban taɓa yin karatu mai daɗin na wata biyun nan ba, har yau. Gonar nan kuwa na auna ta ni kaɗai sau uku, don in huce.

Ranar da aka dawo dubawa, ba wancan Nasaran ne ya zo ba, an ce an sauya masa wuri. Sabon ya iso da hantsi a kan doki, ya tarar da aji wayam, ga takardar tsarin darasi a bango ta ce yanzu lokacin shifta ne. Ya same mu a bakin rijiya, laka har gwiwa. Kawu ya ruga ya ɗauko kayen Madawa, ya miƙa masa da hannu biyu. Mutumin bai buɗe ba. Ya ce shi bai san da wannan zance ba, abin da ya sani shi ne takardar da ke bango. Na ɗauki igiyar awo na ruga gona ina ihu a zo a gani. Na auna tsawo, na auna faɗi, na ninka, na dawo da amsa a bakina ina haki. Dokin ya riga ya fita gari.

Takardar sallama ta zo cikin mako. Wata bai ƙare ba gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo da sunayen masu zuwa aikin hanya, na Kawu na ciki. Iya ta bi su har bayan gari tana jan ƙafa, kuma ranar na fara jin ta kira sunan ɗanta na fari da bakinta, abin da kunya ba ta taɓa barin ta ta yi ba. Kawu ya dawo bayan wata biyar da tari, bai ga kaka mai zuwa ba. Iya ba ta ƙara buɗe wa baƙuwa ƙofa ba. In mun roƙe ta sai ta ce: "Ku ƙyale ni. Bakina yak kai shi."

Na girma na zama mushe, daga baya na shekara da yawa ina horar da malamai a ƙasar Tawa. Zancen haɗa darussa bai mutu ba, kowane zamani sai ya dawo da sabon suna. Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar Iya a kan yara take, ina ba malamai ita suna gyaɗa kai. Sai wata rana wata 'yar malama daga wajen Ibohamane ta ɗaga hannu ta ce: "Baba, na ji, kuma ina so. Amma wanda ka zuwa duba ni, ya san da wanga zance?" Ashe Kawu ma malamai biyu gare shi, ɗaya ya ce ya fitar da yara daga aji, ɗaya ya kore shi don ya fitar da su, kuma ba su taɓa haɗuwa ba.

Daga ranar ban ƙara buɗe horo ba sai mai duba makarantun yankin yana zaune a ɗakin, kuma sai mun fita waje tare an yi abin da hannu. An kira ni mai taurin kai, an kai ƙarata, ban damu ba. Abin da ke damuna guda ne. Tsohuwar nan ta koma ga Allah tana ganin ita ta kashe ɗanta da labari. Ni kuwa ban sami amsar da zan ba ta ba, cewa ba labarinta ya kai shi ba, sai da na yi furfura, ta shekara talatin a ƙasa.