Mai Awon Fili Marar Hatimi

Kusa da tashar Kaura Namoda, inda nake sayar da daddawa, akwai wani mai awon fili da nake kallo. Dogo ne siriri, rana ta cinye wuyan rigarsa, yana saɓe da na'ura mai ƙafa uku kamar murhu. Tun da aka ba mu jiha, kowa so yake a auna masa fili.

Ga Alhaji Nafi'u mai motoci ya tsare shi. "Malam, matsar da turken nan kaɗan, ka buga hatimi. Wa zai sani?"

"Alhaji, ban da hatimi tukuna. Sai na gama horo ƙarƙashin mai lasisi, na ci jarrabawar hukuma. Mai lasisin ma in ya karkata, ƙwacewa ake yi."

Ban yi boko ba, amma ina karanta takalmi. Na mai awon ya sha ɗinki, kuma na rantse akwai iyali masu jiran hatimin nan. Wurin da Alhaji ke son haɗiyewa kuwa hanyar rijiyarmu ce.

Mai awon ya sa diddige ya ƙara danne turken inda yake, ya koma leƙen na'urarsa, Alhaji na ta bambami.

Gobe zan ƙulla masa daddawa, kuma ba zan gaya masa dalili ba.