Leɓen Mai Bigila

Tun yana saurayi Baba yake busa bigila a ƙungiyar makaɗan ma'aikatan jirgin ƙasa. Kowace safiya sai ya shige banɗaki ya yi ta gwaji, wai a can sauti ya fi daɗi. Umma takan buga ƙofa ta ce, "Malam, miƙo mana bokitin, sai ka ci gaba da tashin maƙwabta."

Ba mai yawan magana ba ne. In ransa ya ɓaci ba ya faɗa, sai dai ya ciji leɓensa na ƙasa. Shekarar da autanmu ya rasu a hatsarin babur, ban ga hawayen Baba ba, amma leɓen nan ya sha cizo har ya yi jini.

Bayan 'yan watanni wani ƙullutu ya fito masa ta cikin leɓen, mai laushi, shuɗi-shuɗi, cike da ruwa. Ba ya ciwo. Ya fashe da kansa, ya sake cika. In ya ɗora bakin bigilar a kai, sai sautin ya karye. Ya yi ta ɓoyewa har ranar da ake sallamar wani babban ma'aikaci, busar ta kuɓuce masa a gaban jama'a, wasu suka yi dariya.

Ni, babbar 'yarsa, na kai shi wurin likitar haƙora. Ta duba ta ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ba ciwon daji ba ne. Cizo ne ya tsaga hanyar yawu, shi ne yawun ya taru a ƙarƙashin fata. Ƙaramin aiki ne."

"Zan ci gaba da busa?"

"Akasari ana warkewa sarai," ta ce, "amma wani lokaci wurin yakan daina ji."

Aka yi aikin, nasa kuwa ya daina ji. Ɗinkin ya warke tsaf, sai dai wani wuri mai faɗin farce ya mutu murus. Ya yi ta gwadawa, iska kawai ke fita. Wata safiya ya fito ya naɗe bigilar a tawul, ya ce da Umma, "Tasu ce, zan mayar musu."

Shugaban makaɗan tsohon abokinsa ne, bai sallame shi ba. Ya ba shi babbar ganga a layin baya. Baba ya karɓa ya yi godiya. A gida ya ce, "Wannan ko kurma ya iya," ya yi 'yar dariya, babu wanda ya taya shi. Ita ya buga har ya yi ritaya.

Yanzu ya tsufa. In yana shan shayi, yakan ɗiga ta wurin nan ya gangaro haɓarsa bai sani ba. Umma ta goge masa da bakin mayafinta, ta ci gaba da hirarta.