Gwamnati Ta Kai Ƙarar Miss Elvire

Shekara talatin ina sayar wa masu kamun jatan lande ƙanƙara a mashigin ruwan garinmu, can kudancin Louisiana, kuma ban taɓa ganin wanda ya kayar da Elvire Cheramie a gardama ba. Miss Elvire muke ce mata, babba da yaro. Da mijinta Clovis ya gama ƙera jirgin ruwansa na katako a bayan gida, sunan nan ya rubuta masa a goshi da farin fenti. Yakan ce ya yi haka ne don ya samu Miss Elvire guda ɗaya da za ta juya in ya murɗa sitiyari. Da ya rasu kowa ya zaci za ta sayar. Sai ta zura takalmansa na roba ta fita teku, ta shekara goma sha ɗaya tana jan taru da kanta.

Gwiwa ce ta zaunar da ita. Tana jinyar aikin da aka yi mata, sai ta ba wani Wilfred Pitre jirgin don kada lokacin kamu ya wuce ta. A fitarsa ta uku 'yan sanda suka tare shi, suka sami ƙullin ƙwaya a jakar tufafinsa. Wilfred ya amsa laifinsa, ya yi wata biyu a tsare, ya fito ya ci gaba da shan giyarsa a gaban shagona. Jirgin kuwa aka ja shi zuwa shingen hukuma da ke bakin ruwa, aka ɗaure shi da sarƙa a kan ruwa.

Ni na kai ta kotu a motata. Ta sa rigar zuwa coci, tana dogara sanda. Da magatakarda ya kira ƙarar gwamnati da Miss Elvire, ta miƙe tsaye ta ce ga ta. Lauyan gwamnati, wani mai laushin murya, ya matso ya ce ta zauna abinta, ba ita ake nufi ba. Jirgin ake ƙara.

"Takwarata?" in ji ta. "To ku shigo da ita ta yi bayani mana. Ni dai shekara arba'in ban ji ta ce uffan ba."

Mutane suka yi dariya, ni ban yi ba, don na ga inda maganar ta dosa. Tunda katako ake tuhuma, ba za a ba ta lauya kyauta ba. Kuma ita ce za ta kawo hujjar cewa ba ta san abin da ke cikin jakar Wilfred ba. Ta tambayi alƙali yadda mutum ke kawo shaidar abin da bai sani ba. Ya ɗage zama zuwa bayan wata uku.

A bakin ƙofa lauyan ya tare mu da takarda. Ya ce in ta sa hannu cewa ta yi sakaci, za a yi gwanjon jirgin a ba ta wani kaso, kowa ya huta. Ta ce masa ita ba ta gaji ba.

Abu ɗaya ta roƙa, kuma shi ne ya fi ba ni haushi har yau. Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san jirgin katako yana tsatsafar ruwa ta ciki, dole a kunna famfo a kwashe, balle da damina. Ta je shingen ta roƙi mai gadi ya bar ta ta shiga na minti goma. Ya ce ba a taɓa kayan shaida. Ta rubuta wasiƙa, ta buga waya har ta haddace waƙar da suke sa wa mai jira. Suka ce za a duba. Mutanen da ba su san bambancin jirgi da mota ba, su aka ba ajiyarsa.

Kullum da safe takan tsaya a bayan wayar shingen ta auna da ido. Ranar Litinin ruwa yana ƙasa da harafin farko na sunan. Bayan mako biyu ya taɓa shi.

A lokacin ne wata lauya daga birni, Ms. Batiste, ta ɗauki ƙarar ba tare da ta nemi ko sisi ba. Ta zauna a kicin ɗin Elvire tana shan gumbo, miyar yankinmu, ta karanta mata inda kundin tsarin mulki ya hana a ƙwace dukiyar mutum ba tare da an bi shari'a yadda ya kamata ba. Elvire ta ce wannan tun tana goye ta san shi, amma ta ji daɗi da wani ya rubuta.

Sai aka kwana huɗu ana ruwan sama. Da gari ya washe na raka ta shingen. Rufin ɗakin tuƙi kawai ya rage a sama, da sarƙar tana nan ɗaure gam. Na yi kuka, ban ji kunya ba. A zuciyata na ga Clovis yana goge katakon nan ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta yi hawaye ba, ta ce in ara mata wayata ta ɗauki hoto.

Bayan kwana uku lauyan gwamnati ya kira, muryar nan tasa kamar an shafa mata mai. Ya ce tunda abin ya zo da haka, sun yanke shawarar janye ƙarar, tana iya zuwa ta ɗauki kayanta. Ina zaune a gefe, ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Ka janye me? Wata da watanni kana ce wa gari ina safarar ƙwaya da jirgin mijina, yanzu za ka kakkaɓe riga ka tafi?"

Ya ce ai babu wanda ya tuhume ta da komai.

"Shi ya sa ban gama da ku ba, ɗana. A kan ruwa kuka kama takwarata, tana tafiya da ƙafarta. Haka za ku maido min ita. Kuma alƙali zai rubuta da hannunsa cewa ba mu yi komai ba, ni da ita."

Ms. Batiste ta gaya mata gaskiya, cewa yanzu su ne za su kai gwamnati ƙara, abin zai iya cin shekara biyar, kuma ana iya faɗuwa. Elvire tana da shekara sittin da tara. Ta ce to a fara yau.

An sa zaman farko a watan Maris. Kafin nan tana aikin ɓare jatan landen wasu a rumfar da ke kusa da shagona, a tsaye, kan gwiwar da likita ya ce ta hutar.