Ranar da Na Ce Ba Na Jin Hausa

Da za a ba ni damar janye abu guda daga cikin abin da na aikata a duniya, ba zan tsaya dogon tunani ba. Wata gajeriyar magana ce da na faɗa da Larabci a kan hanyar Ƙala'at an-Nahal zuwa Gadarif a ƙasar Sudan, ina tsaye a gindin lori da rana tsaka. Na ce ba na jin Hausa. Ni da mahaifiyata ta rene ni da ita, ni da har yau ko mafarki zan yi da ita nake yi.

Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da 'yan ajujuwan firamare, saboda haka a yi haƙuri da yadda zan jera zancen.

Kakana ya baro ƙasar Kano a ƙafa da niyyar zuwa Makka. Ya iso Gadarif da damina, guzurinsa ya ƙare, ƙafafunsa sun kumbura. Wani dattijo da bai taɓa ganinsa ba ya kira shi cin tuwo, daga wannan akushi ya samu wurin kwana, ya samu gona, daga baya ya samu kakata. Haka al'adar unguwarmu take. Duk wanda ya fito daga yamma, gidan da ya fara sa hannu a akushinsu, mai gidan nan ne ubansa a garin. Ba a tambayarsa abin da ya koro shi sai in shi ya faɗa. Idan hukuma ta tare shi, mai gidan ya fito ya ce nasa ne, magana ta ƙare. Muna kuma da wata al'adar da ke tafiya tare da wannan: a gaban hukuma, idan babba yana wurin, ƙarami ba ya riga shi buɗe baki.

Na yi shekaru ina wakilin wata babbar gonar damina kudu da gari. Mai gonar yana zaune a Gadarif, ni ke ɗaukar ma'aikata, ni ke kula da kambo, wato bukkokin da suke kwana. Wanda bai san riɗi ba ba zai gane gaggawarmu ba. Idan ya nuna ba ya jiran kowa, ka makara kaɗan kwansonsa ya buɗe ya zube a ƙasa. Da kaka duk mai hannu biyu abokin aiki ne.

A irin wannan lokaci ya zo. Mutum ne da bai wuce shekara arba'in ba, dogo, mai ɗan gemu, daga wani gari kusa da tafkin Chadi ta ɓangaren Nijeriya. Wani mai shayi a tasha ne ya ji yana Hausa ya nuna masa ƙofata. Matata ta zuba asida, tuwon mutanen nan, da miyar kuɓewa, muka ci tare a zaure. Tun ranar yake ce mini Baba, ita kuma Inna.

Mai ban dariya ne. Ya ce Hausarmu ta daɗe a rana har ta sake launi. Idan na tambaye shi kwana ya amsa da Larabcin da ya tsinta a hanya, ya karkace shi da gangan, yara su yi ta dariya. Larabcinsa kuwa bai wuce gaisuwa da neman ruwa ba. Laujen da na ba shi ya naɗe ƙotarsa da robar tayar babur, ya ce hannunsa ya saba da riƙe roba.

Daga nan labarinsa ya fito, kaɗan-kaɗan, a gona lokacin shan shayi. A da haya yake yi da babur. 'Yan bindiga suka fara kai hari a kan babura, sai gwamnati ta hana hawan babur gaba ɗaya. Ya koma sarin bandar kifi, aka ce da kuɗin kifi 'yan dajin suke sayen makami, aka rufe kasuwar. Aka yanke layin waya. Wata safiya bayan an tayar da bam, sojoji suka kewaye unguwarsu suka kwashe maza, har da yayansa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan haka 'yan dajin suka zo suka ƙona abin da ya saura, wai garin yana ba sojoji labari. Ya bar matarsa da 'ya'yansa mata a wani sansani, ya biyo tsohuwar hanyar alhazai, ko zai tara abin da zai ɗauko su. Ya ce shi ya rasa wanda zai fi tsoro, mai kaki ko marar kaki.

A shekarun nan sunan Nijeriya ya ɓaci a bakin mutane. Da can idan aka ce mutum daga can ya fito, malami ake zato ko attajiri, har wasu kan nemi ya tofa wa ɗansu addu'a. Yanzu kuwa kullum rediyo da labarin fashewa da sace mutane, da gwamnati tana cewa ta kusa gamawa da su. Akwai wani dillalin dawa a kasuwa, Balarabe, abokina tun muna samari. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya ya tambaye ni yau kuma me mutanena suka fasa. Nakan tuna masa cewa tamu ƙasar ma Turawa sun daɗe da sa ta cikin waɗanda suke zargi, fasfonmu ko kare ba ya shinshinawa. Mukan yi dariya mu sha kofi. Amma kalmar nan "mutanenka" takan bi ni har gida. A garin nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana.

Ga shi kuma lokacin babban ɗana yana neman fasfo zai tafi aiki ƙasar waje. Mu jikokin alhazai mun san wahalar da muka sha kafin mu samu jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa. A ce ka kawo shaidar ubanka, ka kawo ta kakanka, ka dawo gobe. Raɗe-raɗi ya cika unguwa cewa duk wanda ya tsaya wa baƙo daga yamma za a sake tono takardun gidansu. Ban san wanda abin ya faru da shi ba. Ji kawai na yi, kuma na bar shi ya zauna mini a ciki.

Da muka gama yankan riɗi muka ɗauko ma'aikata a lori za mu koma gari. A hanya muka tarar da shingen bincike da ba mu saba gani ba. Aka ce kowa ya sauko da katinsa. Jami'in da ke dubawa saurayi ne, ƙura ta rufe masa gira, da gani ya gaji da tsayuwa. Da ya zo kan baƙona ya ga babu kati, ya yi masa tambaya, shi kuma ya amsa da gaisuwa. Jami'in ya juyo gare mu, ba da faɗa ba. Ya ce wa ke jin yarensa, kuma wa ya san shi. In akwai babban da zai tsaya masa ya ba da sunansa da unguwarsa, to su wuce, shi ma ya huta.

Fiye da rabin mutanen lorin Hausawa ne. Duk suka juyo suna kallona, domin ni ne babba, kuma kowa ya san a akushina ya fara ci.

Baƙon ya yi murmushi, hankalinsa kwance. Ya ce, "Baba, gaya masa mana. Ka ce ɗanka ne mai wahalar ji."

Na dubi jami'in na ce masa da Larabci ni wakilin gona ne kawai, a tasha na ɗauke shi kamar sauran, kuma yaren nan kakanninmu ne suke jin sa, mu ya ɓace mana.

Bai fahimci abin da na ce ba. Fuskokin mutane ya duba ya gane. Ya sake kirana, wannan karon a hankali. Na sunkuya ina gyara igiyar takalmina. Babu wanda ya yi magana, domin babba ya riga ya yi. Aka ce ya zauna a gindin wata bishiyar ƙaya inda wasu mutum biyu suke zaune. Lori ya tashi. Ban waiwaya ba, amma na ji wani a bayana yana ta istigfari har muka shiga gari.

Matata ta riga ta zuba abinci na mutum biyu a zaure. Ta leƙa bayana ta ce, "Malam, ina baƙonka?"

Na ce an tsayar da shi a hanya, bincike ne, zai taho.

Ta tambaye ni ko na gaya musu namu ne. Da na kawar da kai ta ɗauke akushin ta shiga ciki. Ba ta yi mini faɗa ba, ranar ko bayanta. Ta dai daina kiran baƙi da sunana. Idan wani ya sauka sai ta ce wa yara su kai wa baƙon gidan abinci.

Na bar kwanaki suka wuce ina cewa zai dawo. Da na kasa cin abinci na koma wurin, na tarar an ɗage shingen, sai duwatsun murhun shayinsu. Na je ofishi a gari, aka tura ni wani, can aka tambaye ni cikakken sunansa da abin da ya haɗa mu. A nan na faɗi abin da ya kamata in faɗa a gindin lori, na ce nawa ne. Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce irinsu suna da yawa, wasu an mayar da su iyaka, wasu an wuce da su gaba. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a Gallabat, garin bakin iyaka, yana dako. Na je na zaga kasuwar har bakin gadar Habasha, ban gan shi ba. Wani ya ce in duba garin Basunda. Can ma na je.

Ɗana ya samu fasfonsa, babu wanda ya ko ambaci sunan kakana. Ya tafi, ya kira ni daga filin jirgin wata ƙasa yana ƙorafi. An ware shi gefe shi kaɗai saboda sunan ƙasar da ke bangon fasfon, an zazzage jakarsa, an yi ta tambayarsa wa ya sani a garin. Na ba shi haƙuri. Ban gaya masa abin da na tuna ba.

Yanzu ga yaƙi ya zo mana gida. Makarantun Gadarif sun cika da mutanen da suka gudo daga Khartum da Madani, shingaye sun yi yawa har ba a ƙirga su, kuma yaranmu ne ake saukewa daga mota saboda kamanninsu ko lafazinsu. Kwanan baya a wani shinge aka sauke daga mota wani magini da ya gudo da iyalinsa, yana zaune a gidan wani maƙwabcina. Maƙwabcin yana cikin motar, bai ce komai ba. Yana cikin waɗanda suke lorin nan ranar, lokacin yana matashi. Na same shi bayan sallar la'asar na fara yi masa magana a kan al'adar iyayenmu. Ya saurare ni har na gama, cikin ladabi, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Baba, ranar nan bakina a buɗe yake, kai nake jira. Da ka ce naka ne, da duk lorin mun ce namu ne."

Na ɗauki sandata na tafi neman maginin da kaina. An sake shi daga baya, amma ba don maganata ba, wani ɗan uwansa ne mai sanayya ya zo. Maganar tsoho ba ta da nauyin da take da shi da.

Ba ni da ilimin da zan ce wa gwamnati ga yadda ake yaƙi da masu kashe mutane. Na dai ga abin da ya biyo bayan hana babur da rufe kasuwa da kwashe unguwa guda: mutum ɗaya marar laifi ya taka ƙasa mai nisa, ya iso da sunan ƙasarsa a wuyansa, ya faɗo hannun matsoraci. Laujensa yana nan rataye a zaurena, robar ta fara tsattsagewa. Matata ta rasu ba ta taɓa shi ba, ba ta kuma ce in sauke ba. Ban san ko yana raye ba. Ban san ko 'ya'yansa suna can suna cewa ubansu ya samu daɗi a Sudan ya manta da su ba, wannan shi ya fi hana ni sukuni.

Na gaji, idona ma ya fara gazawa. Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan kaɗan ne. Idan mutum ya ci a akushinka, aka tsayar da shi aka ce wa ya san shi, ka amsa a wurin, da harshen da yake ji. In kai ne babba ka tuna akwai masu jiran bakinka. In kuma kai ne ƙarami ka ga babban ya sunkuya yana gyara takalmi, kada ka jira shi.