Kujerar Kusa da Kawu

Kawu, ƙanin mahaifiyata, tela ne. Shekara tara yana shan maganin tari, kwalba kan kwalba, har keken ɗinkinsa ya sayar. Da ya daina sha, sai tsoron mutane ya kama shi. Ko sallama aka yi a ƙofar gida, gumi zai karyo masa, ya shige ɗaki ya kulle.

Likitar da ke duba shi ta ce kullum da safe ya hau bas har ƙarshen hanya ya dawo, ya gaida duk wanda ya zauna kusa da shi. Makon farko, a tashar farko yake sauka. Tef ɗin awonsa na rataye a wuya, yana murza bakinsa har lambobin suka goge. Cikin wata huɗu ya fara hira da baƙi. Wata tsohuwa ma ta ɗora masa kwandonta a cinya, ta yi barcinta.

Ran nan yayansa ya shigo motar. Kujera ɗaya ta rage, ta kusa da Kawu. Kawu ya muskuta ya ce, "Yaya, ga wuri."

Yaya ya dube shi, ya dafe aljihunsa kamar ya ga ɓarawo, ya kama ƙarfe ya tsaya har inda zai sauka.

Washegari Kawu ya shirya kamar kullum. Har azahar yana zaune a bakin gado, da takalmansa a ƙafa.