Ranar da Aka Cinna wa Barandina Wuta

Ni ɗan Wusasa ne ta Zariya, a gidan Kirista na taso, kuma littattafan soyayya na kasuwa sun raine ni fiye da yadda makaranta ta yi. A cikinsu na koyi cewa kyautar masoyi ba abin wasa ba ce. Ko kwalin turare ne, budurwa takan ɓoye shi a ƙasan akwati, ta riƙa ɗaukowa tana shaƙa tana hawaye. Da wannan karatun na zo Birmingham ta Ingila.

A gidan da nake haya a unguwar Selly Oak akwai wani ɗan Thailand da muke jami'a ɗaya. Wata Lahadi da la'asar na dawo daga coci, ruwa ya yi mini dukan tsiya, na tarar da shi a kicin da wata kwalba mai ruwa kalar zuma. Ya ce barandi ce, giyar ƙasarsu, a can kowa ya san ta. Bai ba ni ita tsura ba. Ya cika kofi da ƙanƙara, ya tsiyaya kaɗan, ya bi da soda har baki, ya ce haka suke sha.

Na yi kurɓar farko. Zaƙi ne mai kunya, kamar sukarin da aka ƙona a cokali, da ƙamshin zabibi a bayansa, sannan wani ɗumi ya gangaro mini ƙirji a hankali, ya kori sanyin titin Bristol Road daga ƙashina. Da ya gama karatu zai koma gida, ya bar mini sabuwar kwalba, ya ce in ajiye ta sai babbar rana. Wata takwas ta yi a cikin kabad ɗina, naɗe a rigar sanyi. Nakan ɗauko in duba ta a hasken taga in mayar.

Na san ranar da nake jira. Akwai yarinyar da nake so, haihuwar Manchester, Hausarta tsinta-tsinta. Mahaifinta ɗan garinmu ne da ya daɗe a Ingila. Suka gayyace ni cin abincin Kirsimeti, na ƙudurta a ranar zan nemi izinin turo magabatana. Na tsara komai: in miƙa wa Baba, mahaifin nata, kwalbar, bayan abinci in haɗa masa kofi da hannuna, idan ɗumin ya sauka a ƙirjinsa in buɗe baki. Tun jajibere, a jirgin ƙasa zuwa Manchester, nake bitar kalaman da zan faɗa.

Na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Baba ya ce madalla, ya ɗora a tebur. Mama, mahaifiyarta, ta zo neman wurin ajiye talotalo da dafa-duka, ta kwashe ta zuwa kicin. Ban kawo komai a raina ba.

Da aka gama ci, sai aka ja labule aka kashe fitila. Masoyiyata ta shigo ɗauke da wani baƙin curi a faranti, kamar ƙullin daddawa, wai shi pudding. A ɗaya hannun kwalbata ce, a buɗe. Ashe al'adar Turawa ce su kwarara wa abin nan barandi su cinna masa wuta. Ta zuba, ta ƙyasta ashana, bai kama ba. Ta ƙara zubawa. Bai kama ba. Mama ta ce a ɗumama a ludayi. Aka cika ludayi sau biyu ina kallo. Shuɗiyar wuta ta tashi, kowa ya hau tafi. Har wani cikin baƙi ya dafa kafaɗata yana cewa in gode wa Allah, kyautata ta yi amfani.

Amfani! Abin da aka ɗauko daga wata duniya, na yi jinyarsa wata takwas, a mayar da shi kananzir!

Na bi masoyiyata kicin da farantai.

"Kai fushi kake?" ta ce. "It's only brandy, babe."

"Wata takwas ina ajiye da ita."

"To me ya sa ba ka sha ba?"

A duk littattafan da na karanta babu budurwar da ta taɓa yin wannan tambayar. Na ɗauki kwalbar, saura bai fi yatsa biyu ba. Na fara tunanin jakata da hanyar Birmingham.

Sai na ji muryar Baba daga falo: "Samari, zo da ita nan. In ɗanɗana abin da ya sa ka haɗe rai haka."

Na haɗa masa yadda aka koya mini. Ya kurɓa. Ya sake kurɓa, ya ɗaga murya.

"Maman yara! Wannan kuka ƙona? Saboda wancan curin da ban taɓa so ba tun da na zo ƙasar nan?"

"Ai ko yanzu ka ci yanka biyu," Mama ta amsa daga kicin.

Ya girgiza kai, ya raba ragowar, ya turo mini rabi. "Irin wannan kwalba ba a kawo ta haka kawai. Me ke tafe da kai?"

Duk kalaman da na haddace a jirgi sun gudu. Na ce, "Baba, so nake in turo."

"Ka dai ga abin da take yi da kayan mutane da idonka."

"Na gani."

"Kuma kana so?"

"Ina so, Baba. Amma ban huce ba."

"Ni ma ban huce ba. Turo su."

Mun yi aure, muna zaune a unguwar Erdington ta Birmingham. Duk Kirsimeti sai ta ba baƙi labarin, a yi ta dariya, kuma ni ake yi wa. Har yau ba ta ce in yi haƙuri ba.