Rubutu da Zuma a Ranar Bizit ɗin Shaibu

Har gobe ban manta da safiyar Litinin ɗin da na rubuta ƙarya a takardar gwamnati da hannuna ba. Ku da kuka shigo labo, ɗakin awon jinin nan namu, kwanan nan kuna yi mini dariya in na tsare mara lafiya da tambaya kamar jandarma. To ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Kun san da tsintsiya na shigo asibitin nan na Tawa. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari sannan na zauna ajin yaƙi da jahilci, na lallaɓa har aka ba ni takardar mataimakiyar labo. Aikina ɗibar jini, liƙa suna a kwalba, da cika takarda. Wanda ya koyi biro da furfura ba ya wasa da abin da ya sa wa hannu.

A lokacin muna da wani ma'aikaci, Shaibu, mutumin Barmu. Ya gama jami'a da lisansi, wato digiri, a ilimin gwaje-gwajen asibiti, ya shekara uku yana yi mana aikin sa kai. Ya iya aiki, ga iyayi. Duk wanda za a auna wa sukari sai ya sha huɗubarsa: kada ka ci, kada ka sha, ko goro kada ka tauna. Da aka ce sojan sama na neman masu irin karatunsa, ya kai dosiyen takardunsa, ya ci jarrabawar rubutu. Na ce masa, "Kai Shaibu, jirgi jini gare shi?" Ya ce, "Tanti, masu tuƙa shi suna da shi."

Abin da ya rage shi ne bizit, wato duba lafiyar masu neman shiga. Wani kapitan likita ya zo daga Yamai da sajansa, suka ari labonmu na kwana biyu. Ƙa'idarsu ba ta da wuyar ganewa: wanda awonsa ya kauce, a ja wa sunansa jan biro, kuma Talata da azahar takardar sunaye za ta bi kapitan ta tafi.

Da layi ya zo kan Shaibu na ɗaure masa hannu, na yi tambayar da nake yi wa kowa. "Ka ci abinci?"

"Haba Tanti, ni za ki tambaya?"

Na ji kunya, na rubuta cewa bai ci komai ba, na sa hannu. Da sakamako ya fito, sukarinsa ya haye inda na tsofaffin masu ciwon sukari ke kaiwa. Kapitan ya ja wa sunansa jan biro.

Na fita nemansa. Na iske shi gindin itacen bedi ya dafe kai, mata uku sun kewaye shi: uwarsa Inna Zali, gwaggonsa, da kakarsa, duk sun biyo motar farko daga Barmu. Gefensu ga kwanoni uku ba komai ciki, amma kiyashi ya yi musu baƙi ƙirin.

Na ce, "Inna, mi aka sha cikin kwanonin ga?"

"Rubutu ne, Madam. Na samun nasara."

"Yaushe kiyashi ya fara bin tawada?"

"To ai da zuma. Yaron ga tun yana ƙarami bai shan rubutu sai da zaƙi."

Ashe kowacce wajen malaminta ta je. Uwa ta zuba zuma. Gwaggo ta zuba sukari da dabino. Kaka ta ga kada a ce nata ya kasa, ta juye sauran zumar duka. Shaibu kuwa ya shanye su tas bayan sallar asuba.

Na juya kansa. "Kai mai lisansi! Kai mai hana tsofaffi goro!"

Ya ce, "Tanti, abinci kika tambaya. Wanga addu'a ce. Kuma wa ke ce ma kaka a'a?"

Na ce, "Addu'ar ta tahi inda aka aike ta. Zumar ce ta tsaya cikin jininka."

Na ɗauki kwanon kaka da kiyashinsa na nufi ofishin da kapitan ya zauna. Sajan ya tare ƙofa, wai ba a shiga. Na ce, "Ɗana, na share ɗakin ga tun ba a yaye ka ba, matsa." Na dire kwanon bisa tebur, na faɗi abin da ya faru.

Kapitan ya ɗago takarda. "Madam, nan an rubuta bai ci komai ba. Sa hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Takardar ce ta yi ƙarya, ni na sa ta. Jinin da aka ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, ba a yanke hukunci da shi, sake ɗiba ake. In jan biro ya zama dole, ga sunana nan ƙasa, ja a kansa."

Ya sunsuna kwanon, ya kaɗe kiyashi daga hannun rigarsa, na ga yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Can ya ce, "Gobe ƙarfe bakwai. In ya sake hawa, ko buhun kiyashi kika kawo ba ruwana."

Talata ina idar da salla na hau kabu-kabu, na ɗauko Shaibu daga masaukinsu, na zaunar da shi ɗakin ajiyar kaya, na kulle, na ɗaure makullin a bakin zanena. Ba a jima ba sai ga matan nan da kwanoni biyar. Labari ya kai wa dangi na cikin gari cewa na jiya bai isa ba, sun ƙaro.

Kaka ta buga sanda. "Ke, buɗe mini jikana! Rubutu za ki hana?"

Na durƙusa na ce, "Kaka, ni ma ina sha. Ki ba ni ɗan lokaci allura ta shiga ta hita, sannan ki ɗura mishi har ya ƙoshi."

Haka aka yi. Ina ɗibar jini, kaka na tsaye da kwano daf da haɓarsa, kapitan na kallo daga ƙofa. Ina zare allura ta kafa masa kwanon a baki. Ya shanye biyar ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, idanunsa na hawaye. Sakamako ya fito daidai, kapitan ya sake rubuta sunansa da baƙin biro.

Abin da ba mu sani ba, akwai sauran gwaji. Sajan ya jera masu neman shiga a fili, ya ce kowa ya yi tsallen kwaɗo zuwa bango ya dawo. Cikin Shaibu na ƙugi kamar salka bisa jaki, har daga tagar labo muna ji. Shi ya zo na ƙarshe, amma ya zo. Kaka ta dube ni ta ce, "Kin gani? Da ba ki hana shi sha da wuri ba, da shi ne na ɗaya."

Yau Shaibu na can da kakinsa, yana auna jinin masu tuƙa jirgi. Ni kuma tun ranar na daina tambayar mutum ko ya ci abinci, don mutanenmu ba su ɗaukar abin da uwa ta ba su da bismilla a matsayin ci. Cewa nake, "Mi ya wuce maƙogwaronka tun asuba, har da na malam?" Kuma ko da lisansi goma ya zo, kafin in sa hannu sai na leƙa waje na ga wa ya rako shi, da abin da ta riƙo.